Kujerar Umma

"Wallahi idan ka sayar da garejin nan, ka nemi wata matar!"

Auta ce tsaye a bakin ƙofa, idonta jajir. Injiniya ya mirgino daga ƙarƙashin wata mota, hannunsa duk baƙin mai.

"Haba rabin raina... ba ki ji Yayanki ba? Cewa ya yi ƙanwarsa ba za ta shiga akwala ba."

"Yaya za ka aura ko ni?"

"Shi ne waliyyinki tun rasuwar Baba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ƙona mata rai. Yaya ba mugu ba ne, mota ce kawai ta shiga jininsa. Kullum da yamma yana ƙarƙashin rumfa da abokansa ana musu: wane kamfani ya daina ƙera ƙananan motoci, wane ya fito da sabuwar jif, farashi ya fi ƙarfin talaka. Bakinsu ɗaya cewa an zalunci mai ƙaramin ƙarfi, amma bari wani ya faka tsohuwar mota a gabansu, har da riƙe ciki don dariya. A kan waɗannan mutane Injiniya zai rabu da wurin cin abincinsa ya sayi sabon yayi!

"Ka ba ni zuwa jibi," ta ce. "Ranar asibitin Umma ce. Ka zo yadda ka saba, amma ka ɗan makara."

Wata shida ke nan Injiniya ke kai Umma wurin likitan gwiwa, Yaya na ofis, bai taɓa gani ba. Auta ta sami Yaya ta kwantar da murya.

"Yaya, ga sabuwar jif ɗinka a gida, a ce bare ke kai Umma?"

Nan take ya ɗauki hutu.

Ranar asibitin da safe ya goge motar tana ƙyalli, ya buɗe ƙofa yana murmushi. Umma ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Ta sake, ta cije leɓe. Aka kawo kujerar tsakar gida ta taka, gwiwar ta ƙi.

"Wayyo... ku bari, ku bari!"

Hawaye ya zubo wa Auta. Ita ta shirya wannan, ga shi Umma ce ke shan wahalar. Ta ji ta tsani kanta, amma ba ta ja da baya ba.

Can sai ga tsohuwar motar Injiniya tana kakari. Ya gaishe su, ya buɗe ƙofar gaba, ya ja wani ɗan ƙarfe. Kujerar ta juyo waje, ta sauko ƙasa kaɗan. Umma ta zauna abinta kamar a falo.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan."

Yaya ya manta da farar shaddar da ke jikinsa, ya durƙusa a ƙasa yana leƙen ƙarƙashin kujerar.

"Wane kamfani ke yin wannan? Babu motar da ban sani ba, ban taɓa ganin irinta ba!"

"Ba kamfani ba ne, Yaya. Ni na haɗa. Sati uku na yi ina gwadawa."

"A garejin da zai sayar saboda kai," in ji Auta.

Da Yaya ya ɗago, Umma ya kalla.

"Wata huɗu na yi ina zaɓen motar nan. Na duba inji, na duba taya... ban tuna ƙafarki ba, Umma."

"Ai ga shi ka tuna," ta ce a hankali.

Ya miƙe, ya kama hannun Injiniya da hannu biyu.

"Ka turo magabatanka ranar Asabar. Garejin kuma, kar ka kuskura!"

Auta ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

"To, ku rufe min ƙofa," in ji Umma, "likita ba zai jira ku ba."

Yaya ya jefa makullin jif a aljihu, ya buɗe ƙofar baya, ya zauna daidai bayan mahaifiyarsa.