Tabarmar da Ta Kalli Gabas

Da hantsi aka kira Sufeto Ghali zuwa wani ƙaramin gidan tarihin soja a bayan garin Riyad. Maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ce ta zamanin yaƙin Gulf, mai lunguna a karkace, babu taga ko ɗaya. An turo shi ne saboda yana jin Hausa, wadda ya koya wurin kakarsa a unguwar Shumaisi.

Mudirin wurin, wato shugabansa, ya nuna masa akwatin gilashi. Kamfas ɗin wani kwamanda, na'urar nuna gabas da yamma, ya ɓata, kuma ba a fasa komai ba. Makullin yana hannun mai gadi, Saidou ɗan Maraɗi, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana aiki a nan. Mudiri ya ce gobe zai sa a soke iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a mayar da shi gida.

Saidou ya rantse bai ɗauka ba. Da aka matsa, ya yarda yakan rataye makullin a ƙusa idan zai hau sama salla.

Mai shara kuwa, Laouali, dattijo ne daga Damagaram, makonsa uku da zuwa. Ya ce shi ma a sama yake salla.

Sufeto ya zagaya shi kaɗai, ya wuce tsofaffin rediyoyi da gadajen ƙarfe. A ɗakin tsintsiya ya ga tabarma a shimfiɗe. Ya duba alƙibla a wayarsa, ya daɗe a tsaye, sannan ya sa a kira Laouali.

"Baba, ina alƙibla a nan?"

"Gabas mana, ranka ya daɗe."

"A Damagaram ke nan. A Riyad, Makka tana yamma. Tabarmar nan ta kalli gabas daidai, ko karkacewa babu. A ramin nan, wa ya nuna maka gabas?"

Laouali ya zauna a kan bokiti. Ya ce gwiwarsa ba ta iya matakala sittin, kuma ya ji kunyar tambayar yara alƙibla. Ya buɗe akwatin da makullin da ke rataye a ƙusa, ya ɗauki kamfas ɗin da niyyar mayarwa, sai aka yi kururuwa, tsoro ya kama shi. Ya zaro shi daga cikin safarsa.

"Ka bari za a kori Saidou," in ji Sufeto.



Suna tafiya zuwa mota, dattijon ya tsaya ya tambaya a hankali, "Sallolin da na yi na juya wa Ka'aba baya fa? Sai na rama?"

"Wannan ba ofishinmu ba ne, Baba," in ji Sufeto, ya buɗe masa ƙofa.