Yaron da Bai Fito a Waya Ba

Auta ba ta daɗe da fara aikin nas a wani ƙaramin asibiti ba. Ran nan da magariba Sista, babbar nas ɗin wurin, ta raka wata mai naƙuda babban asibiti, ta bar ta ita kaɗai. Aiki ɗaya ta ba ta: ta zubar da ruwan da aka dafa almakasai. Auta ta kinkimi tukunyar, ta sheƙa tafasasshen ruwan a kwatar baya, ta dawo tana yarfe hannu.

Ta tarar da wata mata zaune a kan gado a ɗakin wankin ciwo, rungume da yaro. Ba ta ji ƙarar ƙofa ba. Ɗakin ya cika da ƙaurin ƙonanniyar fata da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yaron ya saluɓe daga kafaɗa har gwiwar hannu, amma ko uhum bai ce ba.

Ba ta taɓa wanke ƙuna ita kaɗai ba. Suna da guruf na sababbin nas a waya, inda duk wadda aiki ya rikice wa take neman agaji. Ta rubuta a taimake ta. Nan take wadda suke ce wa Yaya, don ta riga su fara aiki, ta kira ta ta bidiyo.

"Kwantar da hankalinki, Autarmu, duk mun yi wannan ruɗewar," in ji Yaya tana dariya. "Jingina wayar in gani."

Auta ta jingina wayar da kwalbar magani, ta sa safar hannu, ta kama hannun yaron. Sanyi ƙalau, kamar an ciro shi daga firji.

Dariyar Yaya ta ɗauke.

"Auta," ta ce ƙasa-ƙasa, "hannun wa kike riƙe?"

"Na yaron mana."

"Ke kaɗai nake gani. Babu kowa a gadon nan."

Fanka ta tsaya. Famfo na ɗiga a kwano. Auta ta yunƙura za ta ja da baya, ƙafafunta suka ƙi.

Matar ta ɗago kai. Idanunta ba sa ƙiftawa.

"Muna zaune a bakin ƙofarmu," ta ce, "kika zubo mana. Ko sallama babu."

Auta ta nemi addu'a a bakinta ta rasa.

"Kar ki gudu," in ji Yaya. "Ba abin da zan iya yi miki daga nan. Ki wanke. Ki shafa man. Ina kallonki."

Ta wanke. Fatar na biyo audugar.

Ta shafa man.

Numfashin matar na sauka a wuyanta.

Ta naɗe bandeji. Sai bakinta ya suɓuce da abin da ta saba faɗa wa kowane majinyaci: "Ku dawo gobe a canja."

"Auta, a'a!"

Matar ta yi murmushi.

"Za mu dawo."

Ƙafafunta suka sake ta. Ta fita a guje, ta faɗi a bakin titi, inda Sista ta dawo ta tsince ta a sume.

An yi mata ruƙiyya. Ta nemi canjin wurin aiki, aka ba ta. Ranar da ta fara a sabon asibitin, ana kiran magariba ƙaurin ya cika ɗakin, ta waiga ta gan su a kan benci.

Yanzu 'yan guruf ɗin karɓa-karɓa suke yi. Kullum da magariba, ɗaya daga cikinsu za ta kira ta, ta zauna tana kallon Auta tana naɗe iska. Wasu sun fice daga guruf ɗin, sun ce ba za su iya ba. Yaya ce ta lura bandeji ɗaya ya daina isa, sai an ƙara na biyu. Yaron girma yake yi, ƙunar kuwa tana nan ɗanya.