Baiti Biyu a Gidan Doña Casilda

Tun da hantsi Nereida take barandar gidan Doña Casilda, amma zama ya gagare ta. Ta gyara siket, ta miƙe ta leƙa madafa, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa. Ranar Lahadi ce, ranar da Eulogio ya kawo ta Arroyo Manso don danginsa su ga malamar makarantar da ya ce zai aura.

"Ke amaryarmu, ƙaya ce a kujerar?" in ji Yuderka, ƙanwar Eulogio, tana ɓare ayaba tana dariya. "Zauna mana! Mama ba ta cizo sai ranar Litinin."

"Ina jin ki, marar kunya!" Doña Casilda ta ɗaga murya daga gindin murhu.

Doguwar mace ce mai kaifin ido, wadda ita kaɗai ta riƙe gonar gahawa da 'ya'ya har suka girma. Game da mai gidan, abin da Eulogio ya taɓa faɗa wa Nereida bai wuce, "Babanmu ba ya nan tun muna ƙanana" ba. Ita kuwa ta ɗauka rasuwa ya yi, ba ta ƙara tambaya ba.

Aka ci farfesun rogo da ayaba da naman kaza har aka yi gumi. Doña Casilda da kanta ta ƙara wa Nereida, tana cewa, "Ci, 'yar nan, ba na son suruka mai kama da tsinke." Sai a lokacin zuciyar Nereida ta ɗan kwanta.

Nan Kawu Bienvenido, wan Doña Casilda, ya jawo gangarsa tsakanin gwiwoyi.

"Malama, an ce bakinki na zubar da baiti kamar ruwan saman watan Mayu. To, a ɗanɗana mana!"

Gaskiya ne. A wurin kakarta ta gaji tsara waƙa, kuma tana da littafi guda cike da baitocin da take rera wa 'yan ajinta: na maƙesu, ƙwarin nan masu kunna wuta da magariba, da na siguwafa, aljanar dutse mai gashi har ƙasa wadda ƙafafunta ke kallon baya. Sai ta zaɓi wanda ya fi sa mutanen ƙauyensu, La Cidra, dariya. Ta miƙe ta rera:

"Aljanar dutse, sawu a baya,
Ta yafuto mijin wata a kan hanya,
Maƙesu na haska masa, ina waiwaya?
Matar gida na can tana ɗumama miya!"

Ta tsaya tana jiran shewa. Shiru. Hannun Kawu Bienvenido ya daskare a kan ganga. Yuderka ta toshe baki. Eulogio ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata.

Doña Casilda ta ajiye ludayi a hankali, ta goge hannu.

"Eulogio," ta ce, "mayar da baƙuwarka inda ka ɗauko ta."

Sai da babur ɗin Eulogio ya sauka gangare, ya wuce gada, sannan Nereida ta doki bayansa.

"Tsaya! Wallahi in ba ka tsaya ba zan dira! Me na yi?"

Ya tsaya a gindin wani mangwaro, ya kasa haɗa ido da ita. Da ƙyar maganar ta fito. Shekara ashirin ke nan da babansu, Anselmo, ya fita da yamma, wai zai duba saniya a bakin rafi, bai dawo ba. Mama ta ce wa kowa siguwafa ce ta ɗauke shi. Duk garin an san yana New York tare da wata mai gyaran gashi 'yar Santiago, amma don girman Mama ba mai furtawa. A gidansu ko sunan aljanar ba a kira.

"Ka san haka, ka bar ni na buɗe baki?" Hawaye suka zubo mata. "Shekara guda kana sauraron baitocina, Eulogio! Shekara guda!"

"Kunya nake ji, Nere. Tsoro nake kada ki ce ɗan maciji ai maciji ne."

"To ga shi kunyarka ta yanka ni, ta yanka mahaifiyarka!"

Daga ranar Nereida ba ta ƙara sanin kwanciyar hankali ba. A aji sai ta rubuta lissafi a allo ta manta amsar. A gida ta zuba gishiri a gahawar kakarta har sau biyu. Ko ƙarar babur ta ji daga nesa sai ta fito da gudu, ta koma jiki a sanyaye. Yara suna roƙonta, "Malama, a yi mana ta maƙesu!" sai ta ce su buɗe littafin karatu.

Lahadi uku a jere tana hawa Arroyo Manso neman gafara. Ta farko aka ce Doña Casilda tana gona. Ta biyu aka rufe taga a idonta. Ta uku matar ta fito da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ku yi haƙuri, ban sani ba..."

"Ban haife ki ba. Je ki rera wa aljanunki."

Da yamma Yuderka ta kira ta a waya, murya ƙasa-ƙasa. "Nere, gidan nan ya zama kamar ofishin 'yan sanda. Mama ta ce wa Yaya ya zaɓa, ko ita ko ke. Ta ce ko za ta sake duba maganar, sai kin ƙone littafin nan a gabanta."

Nereida ta ɗauko littafin ta nufi murhu. Kakarta, Mamá Chepa, tana zaune tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

"In kin ƙone shi, sai ki ƙone harshenki ma, don a can suke."

"To ya zan yi, Kaka? Na ba da haƙuri an ƙi! In zauna, ba na iya zama. In tafi, an rufe ƙofa!"

"Kin taka mata gyambo ne ba da sani ba. Mai gyambo kuwa ba ya tambayar ko da gangan ne, ihu yake yi tukuna. Bar ta ta gama ihunta."

Bayan kwana biyu sai ga Eulogio, idanu jajur, ya kafe babur a ƙofar gida.

"Ɗauko kayanki. Wani abokina ya samo mini aiki a Santiago, da ɗaki. Ba mu ne farkon waɗanda suka gudu ba, in an haihu ai dole a shirya."

Allah ya sani Nereida tana so. Har ta juya ta kalli ƙofar ɗakinta, ta ga akwatinta a kan kabad. Sai ta dawo da kallonta gare shi.

"Wato kai ma ka fita da yamma kada ka dawo? A ce mata wannan karon aljanar 'yar La Cidra ce?"

"Nere, ba haka..."

"Haka ne mana! Ina son ka har ba na iya barci, amma ba zan zama mace ta biyu da ta kwashe mata namiji daga gida ba. Koma, gahawa ta kusa nuna, wa zai tsinke mata?"

Ya tafi ransa a ɓace. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana tambayar kanta ko ta yi wauta. Wata guda ya wuce, na biyu ya bi shi. Eulogio yakan aiko gaisuwa ta bakin Yuderka, amma bai zo ba. Matan La Cidra suka fara cewa malama ta rera aurenta ya tashi sama.

Ranar wata Talata, tana tsakiyar darasi, waya ta yi ƙara. Yuderka ce, tana shessheƙa.

"Baba ya rasu, Nere. Matar can ce ta kira. Har sun binne shi a can."

Ko da ba gawa, Doña Casilda ta sa aka kafa teburin addu'a a falo, da kyandirori da farin ƙyalle, za a yi kwana tara kamar yadda ake yi wa kowa. Nereida ba ta nemi shawarar kowa ba. Kullum aka tashi makaranta sai ta hau mota zuwa gada, ta ƙarasa da ƙafa, ta shiga ta ƙofar baya. Ta wanke kofuna, ta daka gahawa, ta fere rogo, ta kwashe toka. Ba ta shiga falo ba, ba ta nemi Eulogio ba. Sau da yawa Doña Casilda takan shigo madafa ta gan ta, ta ɗauki abin da ta zo ɗauka ta fita. Ba ta kore ta ba, ba ta kuma ce mata sannu ba. Mata suna ta gulmar cewa har yau ba a ga ɗigon hawaye a idon matar mamacin ba.

Ran na tara, da magariba, bayan an kwashe teburin addu'a baƙi sun fara watsewa, Nereida ta fita bayan gida zubar da ruwan wanke-wanke. Sai ta ga Doña Casilda tsaye ita kaɗai a dandamalin shanyar gahawa. Wani maƙesu guda ya taso daga cikin ayaba, yana kunnawa yana kashewa, yana kewaya kanta. A duwatsun nan kowa ya taso yana jin cewa ran mamaci ne ke zuwa a haka ya duba nasa.

"Yanzu ka ga damar zuwa?" Doña Casilda ta ce. Ta kai masa duka da ɗankwali. "Yanzu, Anselmo? Tafi! Koma inda ka fito, munafuki!"

Ƙwaron ya kauce, ya sake dawowa. Nereida ta juya za ta sulale, sai kwano ya kufce mata ya faɗi, ƙwal!

"Ke ce? Zo nan." Matar ba ta waiwayo ba. "Ke mai baki. Kin iya sa gari dariya a kaina. To ga shi nan ya zo, ni maganata ta ƙare. Faɗa masa wani abu."

Wata uku Nereida ba ta tsara ko layi ɗaya ba. Ta dubi ɗan hasken, ta dubi bayan matar nan da ya fara ranƙwafawa, sai baitin ya zo da kansa, a hankali:

"Maƙesu, baƙo mai makarar zuwa,
Gidan da ka bari ya ƙi faɗuwa,
Mace ɗaya ce ginshiƙi, ita ce inuwa,
Haska fuskarta ka gani, ka nemi yafewa."

Sai kafaɗun Doña Casilda suka fara girgiza, ta durƙushe a kan siminti ta fashe da kuka irin na wanda ya shekara ashirin yana haɗiyewa. Nereida ta ruga ta rungume ta, su biyu suna yi.

"Ni na ƙirƙiro aljanar nan," matar ta ce da ta samu numfashi. "Don kada 'ya'yana su ce ubansu ya guje su. Na san ba ki sani ba, 'yar nan, tun ranar na sani. Amma kin faɗi gaskiya a gaban mutane. Kwana uku ina ɗumama masa abinci, kwana uku! Duk sanda na ga fuskarki sai in ga kaina a gaban murhun nan."

"Ku yafe mini, Mama."

"Ke za ki yafe mini. Yuderka ta gaya mini abin da kika ce wa ɗana ranar da ya so ku gudu." Ta share ido da ɗankwali, ta ɗaga murya yadda ta saba. "Eulogio! Ina kake, sakarai? Zo ka ɗaga uwarka da matarka daga ƙasa!"

Ya zo da gudu har yana tuntuɓe. Kafin ya buɗe baki ta kama kunnensa.

"Daga yau, abin da ya shafi gidan nan, mai daɗi da marar daɗi, matarka ta fara ji daga bakinka. Ka ji ni?"

"Na ji, Mama! Kunnen, Mama!"

Bayan an gama tsinkar gahawa, a watan Disamba, aka ɗaura auren a ƙaramin cocin Arroyo Manso. Doña Casilda ce ta ɗinka rigar amarya da hannunta, kuma da mai ɗaukar hoto ya ce dangin ango su koma gefe guda, sai ta ce ita dangin amarya ce, ta je ta tsaya kusa da Mamá Chepa.

Da Nereida ta hau babur ɗin nan ranar da aka ce ta ɗauko kaya, da ta samu miji ta rasa gida. Ta danne son ranta wata uku, sai ta samu duka biyun. Wanda ya yi maka fushi fiye da laifinka, sau da yawa wani tsohon ciwo ne ke magana a bakinsa. Ka yi masa haƙuri har ya huce. Kai kuma mai neman aure, kada kunya ta sa ka ɓoye wa masoyiyarka ramin da ke tsakar gidanku, don ita za ta fara faɗawa ciki.