Abin da Ke Ƙarƙashin Kujerar Baya

"Wayyo ni! An cuce ni! An gama da ni!"

Baba ne ke wannan kururuwa tun da sassafe. Wanda ya ji zai ɗauka gobara ce ta tashi. Ko kusa. Baƙin tabarau ɗinsa ne ya ɓata.

"Duk garin nan wa ke da irinsa?" in ji shi. "In na saka shi, har masu ba da hannu a titi sara mini suke yi. Yau ga shi an bar ni da ido tsirara kamar kowa!"

Auta tana gefe tana goge takalminta. Ita kaɗai ta san inda tabarau yake.

Jiya ne ta faɗa cikin mota da gudu, ta zauna a kujerar baya. Sai ta ji ƙaras! Tabarau ya rabu biyu. Tsoro ya kama ta. Ta ɗaga kujerar, ta tura shi ƙarƙashi. A wurin ta ga wani murfin ƙarfe mai kama da faranti, waya ta fito ta gefensa. Ba ta kula shi ba. Ta mayar da kujera, ta kama bakinta.

Yau kuwa babbar rana ce. Mama ta haifi namiji, kuma yau za a sallame su daga asibiti. Auta ba ta ga ƙanin nata ba tukuna. Baba ya yi mata alkawari ita za ta riƙe shi a mota har gida. Don murna, ko abin karyawa ta kasa ci.

Sai dai motar ta ƙi tashi tun jiya da yamma. Maƙwabcinsu, Kawu Bakanike, ya duba ta ya ce famfon mai ne ya mutu. Famfon ne ke tura mai daga tanki zuwa inji. Baba ya sayo sabo, ya ce shi zai saka da hannunsa.

"Baba, mu hau motar haya mana," in ji Auta.

"Motar haya? Ɗana guda? Yaron da aka ce ya ɗebo hancina? A motar ubansa zai shigo gida!"

Ana haka Kawu Bakanike ya leƙo, zai wuce gareji.

"Maƙwabci, kafin ka sauke tanki, ɗaga kujerar baya ka duba. Wasu motocin suna da 'yar ƙofa a wurin. Ta nan ake ciro famfon, ba sai an sha wahala ba."

Nan take Auta ta tuna. Murfin nan mai kama da faranti! Amma in aka ɗaga kujera, asirinta ya tonu.

Baba ya yi dariya, ya shafa gashin baki.

"Malam, ni za ka koya wa motata? Na san ta kamar yunwar cikina. Babu wata ƙofa."

"To, Allah ya ba da sa'a, babban injiniya," in ji Kawu, ya wuce yana murmushi.

Auta ta ci gaba da goge takalminta.

Aiki ya kankama. Baba ya cire kan batir. Ya ce kada wanda ya kunna ko da ashana a kusa, don fetur ba ya wasa. Ya tsiyaye man cikin jarkoki, don tanki ya yi sauƙin ɗauka. Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da kyau. Sannan ya ɗaure kansa da tawul, kada ƙura ta ɓata masa aski. Ya shimfiɗa kwali, ya sulale ƙarƙashi. Ƙafafunsa kawai ake gani.

"Sifana!"

"Ga shi, Baba!"

"Ba wannan ba, babban! Yi sauri, yau dai za ki sauka daga kujerar auta, gara ki koyi sana'a."

Auta ta yi ta kai da kawo. Har ta fara jin daɗin aikin. Ta ce a ranta, ai yanzu zai gama, ba wanda zai sani.

Ina! Ƙarafa biyu ne suka ɗaure tankin kamar ɗamara, notinsu duk ya yi tsatsa. Baba ya yi nishi. Ya yi wa notin magiya. Ya yi masa faɗa. Da ƙyar ya kwance.

Waya ta yi ƙara. Auta ta miƙa masa ita can ƙarƙashi. Mama ce.

"Mun shirya fa. Kuna ina?"

"Muna hanya!" in ji Baba, yana kwance a kan kwali.

Ta cikin wayar Auta ta ji wani siririn kuka. Ƙaninta ne! Ta daka tsalle.

"Baba, na ji shi! Yi sauri, don Allah!"

Baba ya tallafe tankin da katako, ya sassauto da shi a hankali. Tankin ya sauko rabi, ya tsaya cak. Akwai tiyo da wayoyi a samansa, sun riƙe shi. Baba ya zura hannu, hannu ya ƙi kaiwa. Ya leƙa, ƙura ta zubo masa a ido.

"Kin gani ko?" ya ce yana tari. "Da da tabarau ɗina, da wannan ba ta same ni ba. Duk wanda ya ɗauka, ni da shi!"

Auta ta sunkuyar da kai.

Rana ta take. Gumi ya jiƙa tawul. Waya ta sake ƙara. Wannan karon muryar Mama ta yi sanyi.

"An ba wata mara lafiya gadona. Muna zaune a benci. Bayana ciwo yake, yaron kuma ya gaji da kuka."

Baba bai ce muna hanya ba. Ya ajiye wayar, ya yi ajiyar zuciya.

"Kai, ina ma a ce akwai ƙofar nan ta sama."

Auta ta tuna Mama a kan busasshen benci. Hawaye ya zubo mata.

"Baba... akwai."

Ƙafafun Baba suka daina motsi. Ya sulalo waje, fuska duk baƙin mai.

"Me kika ce?"

"Akwai ƙofar. Na gan ta jiya. Ni na zauna a kan tabarau ɗinka ya karye. A nan na ɓoye shi."

Baba ya ɗaga kujerar baya. Ga murfi. Ga tabarau gida biyu kwance a kansa. Ya ɗauki ɓari ɗaya, ya kara a ido, ya duba madubin mota.

"Ko da rabi ma ina da kyau," ya ce.

Auta ta so ta yi dariya, amma sai ya tsuguna a gabanta. Babu wasa a fuskarsa.

"Karyewar tabarau tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Amma shirun da kika yi, shi ya zaunar da mamanki a benci. In mun je, da bakinki za ki gaya mata. Yanzu ruga ki kira Kawunki."

Auta ta zuba da gudu, kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Kawu Bakanike ya zo, ya dubi tankin da ke lilo, ya dubi Baba.

"Sannu da aiki, injiniya."

"Gwada ka nake yi," in ji Baba. "Kama mini nan."

Suka mayar da tankin, suka ɗaure shi tam. Kawu ya buɗe murfin, ya goge ƙurar wurin. Ya cire tiyo da waya, ya zaro tsohon famfo, ya zura sabo. Aka mayar da mai, aka haɗa batir. Baba ya murza makulli.

Vuuum!

"Ta tashi! Ta tashi!" Auta ta yi ta tsalle tana tafi.

A asibiti suka tarar da Mama ta jingina da bango, jariri a cinyarta. Auta ta durƙusa, ta faɗi komai, ba ta rage ba.

"Mama, ki yafe mini."

Mama ta shafa kanta.

"Na yafe. Amma ki riƙe wannan: laifi ƙarami ne ranar da aka yi shi. Ɓoyewa ke sa shi girma, har ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba."

"Gaya mata dai!" in ji Baba. "Ni aka fi cuta. Dubi hannuna. Dubi askina."

Mama ta kalle shi ta gefen ido.

"Wa ya ajiye tabarau a inda mutane ke zama?"

"Ni."

"Wa aka ce ya ɗaga kujera ya ƙi?"

Baba ya sosa ƙeya.

"To, shi ma ni ne. In za a bi gaskiya, ni na jawo komai. Amma kada Bakanike ya ji."

Suka fashe da dariya. A mota, Mama ta ɗora wa Auta jaririn a cinya, ta tallafa mata kansa. Ya buɗe ido, ya damƙe mata yatsa.

"Ƙanina," ta raɗa masa, "in ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri. Ni zan raka ka."