Ragon Bayan Katanga

Zalika ta fara ganin Agali a wani ɗan ɗakin ɗaukar waƙa da ke unguwar Yantala a Yamai, ranar da ta je yi wa yajin mahaifiyarta talla. Yana zaune a tabarma, rawani har hanci, yana kaɗa gita.

"To fa," ta ce, "yau Buzu ya bar raƙumi ya kama kiɗa."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Bazabarmiya ce ko? Tun daga ƙofa na jiyo ƙamshin dambu."

Abzinawa da Zabarmawa taubasai ne tun kaka da kakanni, kuma a Yamai wanda ya yi fushi da taubashi shi ne abin dariya. Da tsokanar nan aka fara, kafin wata uku soyayya ta yi musu kamun kazar kuku.

Da Babbar Sallah ta ƙarato suka ce bari su yi waƙar barkwanci. Ai ranar layya kowane gida a bakin titi yake banƙare ragonsa a kan sanduna, a jera a kewaye wuta, kowa na ganin na kowa. Zalika ta rubuta baiti, Agali ya sa amo:

"Ragon maƙwabci ya ƙi fitowa,
wai kunyar layi yake ji.
An gasa shi a bayan katanga,
kyanwa ta leƙa ta yi tsaki."

Sau bakwai suna sake ɗauka, don da an zo kan kyanwa sai dariya ta ƙwace mata.

Abin da Zalika ba ta sani ba, bara da ta yi Sallah a Dosso wajen gwaggonta, mahaifinta Malam Tinni, tsohon malamin makaranta, a cikin gida ya gasa nasa ɗan ragon. Karimu kuwa ya sani. Ɗan maƙwabta ne, ya nemi Zalika sau biyu ta ce a'a. Yadda waƙar ta faɗa wayarsa, oho. Ya dai je ya durƙusa gaban dattijon, ya kunna, ya ce, "Baba, da kai fa ake."

Saura kwana goma magabatan Agali su zo gaisuwa.

"Ko waƙar ta mutu," in ji Malam Tinni da ya kira Zalika, "ko maganar aure ta mutu."

"Baba, wallahi ba da kai muke ba. Kuma ni na rubuta, ba shi ba."

"Har kina da bakin faɗa?"

"Gaskiya ce, Baba. Ba zan ɗora masa laifina ba."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, don tana son mahaifinta kamar ranta. Sai ga saƙon Agali:

"'Yar dambuna, mu goge ta. Waƙa dubu ba ta kai ki ba."

Haushi ya turnuƙe ta. Ta mayar masa:

"Buzuna, ashe matsoraci ne kai? In muka goge, duk mutanen unguwarmu Gamkalle za su ce ashe da Baba ake. Shi ke nan mun tabbatar da ƙaryar Karimu. In kai Ba'abzine ne na gaske, ranar Sallah ka zo ƙofar gidanmu ka rera ta a gabansa."

Kwana biyu shiru. Ta ɗauka ya gudu, abinci ma ya daina shiga.

Ranar Sallah da hantsi, titi ya cika da hayaƙi, raguna reras a kan sanduna, gurbin gidan Malam Tinni ne kawai babu komai. Zalika na tsakar gida ta ji gita. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi komawa.

Agali ya rera baitin tas, sannan ya ɗaga murya. "Ina Bazabarmen gidan nan? Taubashi ya zo karɓar rabonsa, an ɓoye masa nama!"

Malam Tinni ya fito fuska a murtuke. Ya dubi saurayin, ya dubi jama'a, ya dubi 'yarsa da ta ƙi sunkuyar da kai. Sai ya juya ciki. Can ga shi ya dawo da ragonsa a kafaɗa, ɗan ƙarami, ya kafa shi a tsakiyar layi da hannunsa.

"Ga shi nan, Buzu. Ƙarami ne, amma ka taɓa ganin nama? Ku da kuke Sallah da shayi da cuku!"

Aka tuntsire da dariya har da masu tafi. Karimu, da ke cikin taron, ya sulale.

"Kuma waƙar nan ba ta cika ba," in ji dattijon. "Ba za a tsokani Zabarmawa a bar su ba amsa ba. Ina ɗakin ɗaukar naku?"

Kashegari, bayan an raba nama, Malam Tinni ya tsaya gaban makirfo da babbar rigarsa, ya rera baiti a kan Buzun da ya je sayen rago ya dawo da buta. Sau ɗaya aka ɗauka. Ya cire abin kunne ya dubi Agali.

"Ka ce wa mutanenka su zo. Wadda ta iya tsayawa a gabana saboda gaskiya, za ta iya da kai."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Malam Tinni ya dafa kanta. "Taurin kan nan nawa ne, ban isa in yi ƙorafi ba. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka."

Zalika ta ce amin, hawaye na zuba, tana dariya.