Fuskar da Ya Aro

A wajen baje kolin zane-zane suka haɗu. Auta ta daɗe tsaye gaban hoton wata tsohuwa, sai ta ji murya a bayanta.

"Saya za ki yi, ko kallon ne kawai?"

"Kallo ai kyauta ne," ta ce.

Ya yi dariya, ashe shi ne mai zanen. Daga ranar ya raɗa mata suna 'Yar Kallo, ita kuwa Mai Zane take ce masa. Kafin wata ya zagayo, kullum da saƙonsa take tashi.

"'Yar Kallo, yau na ɓata takarda da yawa. Duk fuskar da na fara, taki take komawa."

Abu ɗaya ne ke cin ranta a lokacin. Akwai wani zanen barkwanci da ke yawo a wayoyi, na wani ɗan siyasa mai suna Haɗamau, wanda ke haɗiye kuɗin asibiti da na makaranta. Ba wanda ya san mai zana shi. Amma fuskar Haɗamau fuskar babanta ce sak, har tabon girarsa da gilashinsa mai ɗaurin zare. Baban nata tsohon malamin makaranta ne, bai taɓa riƙe muƙami ba. Yara suka fara binsa da sunan a layi, har ya daina zama a ƙofar gida.

Wata rana a ɗakin aikinsa, Mai Zane ya ce tunda aure za su yi, ba zai ɓoye mata komai ba. Ya buɗe kwamfuta, sai ga Haɗamau rabin zane.

Ta matso kusa da kwamfutar.

"Ina ka samo fuskar nan?"

"A layin asibiti. Haka nake aiki, in ga fuska ta burge ni, in ɗauka. Wani dattijo ne."

"Babana ne."

Ya rufe kwamfutar a hankali. Son sa bai ragu a zuciyarta ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ta.

Da ƙafarsa ya je ya durƙusa gaban Baba, ya faɗi gaskiya. Baba ya saurare shi har ƙarshe.

"Abin da kake faɗa kan masu mulki gaskiya ne, yaro. Amma ka ɓoye taka fuskar, ka saka tawa. Ba zan ba ka 'yata ba. Tashi ka je."

Auta ba ta yi musu da mahaifinta ba. Ta daina ɗaukar waya, ta rame, goggonta kuma ta samu bakin kawo zancen ɗanta mai kantin taya. Saƙon Mai Zane ɗaya kawai ta amsa.

"In daina zanen gaba ɗaya?"

"Ko ka daina, ba zai dawo masa da mutuncinsa ba."

Ranar da sabon zane ya fito, ƙawarta ce ta turo mata. Haɗamau na nan da tumbinsa, amma fuskar ta canja. Dogon hanci, wushirya, kunnuwa kamar marfin tukunya. Fuskar Mai Zane ce, kuma ga cikakken sunansa a ƙasa, tare da neman gafarar dattijon da ya zalunta.

Ta kai wa Baba wayar. Ya daɗe yana dubawa.

"Yanzu waɗanda yake zagi sun san shi. Za su iya kama shi."

"Ya sani, Baba."

"Ke kuma kin yarda ki zauna cikin wannan fargabar?"

Hawaye ya zubo mata. "Na yarda."

Baba ya ajiye wayar. "Ce masa ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure, ango na fitowa yaran layi suka ɗauki ihu, "Haɗamau! Haɗamau!" Ya sunkuyar da kai. Baba ne ya ratso mutane ya riƙe hannunsa.

"Ku kama bakinku, surukina ne," ya ce. Sannan ya juyo gare su su biyu, angon da Auta da ke tsaye a bakin ƙofa. "Allah Ya tsare min ku, Ya ba ku zaman lafiya."