Bangon da Ya Ƙi Bushewa

Tun da ambaliya ta cinye unguwarsu a Maiduguri, Kellu ta koma gidan mahaifiyarta, Ya Gumsu, da jaririnta a goye. Mijinta Kyari ya tsaya gyaran gida. Ruwa ya janye, watanni suka shuɗe, gyara bai ƙare ba.

Ya Gumsu kuwa ba ta iya ajiye magana a ciki ba. Ranar da Kyari ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ko amsawa ba ta gama yi ba ta hau shi.

"Kowa ya yi fenti ya mai da iyalinsa, kai kana ta shafa bango kamar mai lallashin amarya. Ko dai ka gaji da 'yata ne?"

"Ya, bangon ne bai bushe ba," in ji shi, kansa a ƙasa. "In na rufe shi yanzu, sanyin a ƙirjin yaron nan zai ƙare."

"To, ko ɗaki kafin azumi, ko takardar sakinta."

Kellu ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don tana son mijinta, tana kuma tsoron uwarta.

Washegari tsohuwa ta yafa lafayarta, ta ɗauki kasko da turaren wutarta mai ƙarfi, ta nufi gidan Kyari. A Maiduguri mace ba ta yarda da ɗaki sai ta turara shi, ita kuma so take ta nuna ɗakin ya bushe, ta kunyata surukin. Ta tarar ya ciccire tagogi, ya kankare tsohuwar filasta har bulo ya fito, ga tabarmarsa a tsakar gida inda yake kwana. Ta turara ɗakin, ta fita, ta dawo ta shaƙa. Warin laka ya danne turaren da take taƙama da shi. Ta dafa bango, tafinta ya yi sanyi. Jikinta ma ya yi sanyi.

"Kyari, in ka kuskura ka sa wa bangon nan fenti, ni da kai ne. Jikana za ka kashe mini?"

Sai da zafin bazara ya gasa gidan sannan Kellu ta tare, bayan ƙaramar salla. Ya Gumsu da kanta ta kunna garwashi, ƙamshi ya kama ɗaki ya zauna, kowa ya yi ajiyar zuciya.

Ruwa cikin yini guda yake shiga gida, amma fitarsa daga bango sai an yi haƙuri. Wanda ya ƙi yi wa iyalinsa gaggawar da za ta cuce su, shi ne mai son su da gaske.